Shekarar da Muka Hau Ɗa'ifa

Ku 'ya'yana, da ku jikokina masu jin Hausa sama-sama, na san an sha gaya muku cewa ni ne na sayar wa mutanen Ɗa'ifa wasan ƙarshe na ƙwallon unguwarmu Tandabawi. Har a wajen ɗaurin aure na taɓa ganin wani dattijo yana nuna ni da haɓa yana faɗa wa na kusa da shi haka. Ban tsaya kare kaina ba a lokacin, domin kun san halina, in na buɗe baki cikin fushi sai an kwana ana ba da haƙuri. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni wuri ɗaya, bari in faɗa muku yadda abin ya faru, har da inda ni ma ban yi daidai ba.

Filin da ake maganarsa ba wani babban fili ba ne. Wani fage ne a bayan gidajenmu, a gindin dutse, wanda mahaifinmu da abokansa suka share da hannunsu shekaru kaɗan bayan sun iso Makka ta hanyar Sudan. Kakanku mai walda ne, shi ya haɗa ƙarafan raga biyun da bututun ruwa, kuma ko da ido rufe zan gane waldarsa, don yana barin ɗan tudu a kowace kusurwa. Abin da ya sa filin ya fita daban shi ne dutsen. Tun safe yake shan rana, in La'asar ta yi sai ya fara amayo abin da ya sha, ga gidaje sun tare iska ta kowane gefe. Ni da na ƙare rayuwata ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na san zafi iri-iri, amma ban san irin na wannan fili ba. Yaranmu a ciki suka tashi, ba sa ma jin sa. Baƙo kuwa in ya yi minti ashirin sai ka ga harshensa a waje.

A nan muke yin gasar ɗalibai kowace shekara, ta samarinmu masu karatu a kwaleji da jami'a. Ƙungiyoyi huɗu ne kawai: mu Tandabawi, da unguwannin Utaibiyya da Shisha, sai ta ɗaliban da suka zo karatu daga gida Najeriya da Nijar. Ana bugawa ranar Juma'a bayan La'asar, a tashi kafin kiran Magariba. Kowa ya kara da kowa, biyun da suka fi maki su yi wasan ƙarshe, shi ke nan. Yayana Usman shi ne kocin Tandabawi tun ina saurayi. Bai taɓa iya ƙwallo ba, wannan kowa ya sani ban da shi, amma Allah ya ba shi murya da ido, yana iya hango gajiyar yaro kafin yaron ya ji ta. Ni kuma aka ɗora min shugabancin kwamitin gasar, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni ke da mota mai ɗaukar kaya.

Maganar faɗaɗa gasar daga bakina ta fito. Na je wani aiki Jidda, na ga samari suna ƙwallo a wani fage, kamanninsu namu, sunayensu namu, amma da na yi musu sallama da Hausa sai suka tsaya suna kallon juna. Abin ya tsaya min a rai har na dawo gida. Na ce wa kwamiti ga yaranmu can a Jidda da Madina da Ɗa'ifa ba su san na Makka ba, in aka ci gaba haka wata rana a titi za su wuce juna. Mu kawo su, ƙungiyoyi su zama takwas, kuma maimakon biyu, huɗu su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. An yi ta ja, wasu suka ce tafiya za ta yi yawa, wasu suka ce gasar za ta yi tsawo har ta shiga lokacin jarrabawa. Amma samari sun riga sun ji labari, unguwa ta ɗauki zumuɗi, babu mai iya mayar da maganar baya. Aka samu ƙungiya biyu daga Jidda, ɗaya daga Madina, ɗaya daga Ɗa'ifa.

Sai tambayar inda za a buga wasannin fitar da gwani ta taso. Baƙi suka ce ba za su yarda kullum a Makka ba. A nan ne na kawo dokar da ta zamar min ƙaya: wanda ya fi maki a zagayen farko, a gidansa za a buga. Kowa ya ce ai wannan adalci ne, aka rubuta, wakilai takwas suka sa hannu, ni ma na sa. To ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba adalci ne kaɗai a zuciyata ba ranar. Na yi lissafin cewa mu ne za mu fi maki kamar yadda muka saba, kowa ya zo gindin dutsenmu ya dahu. Yaya Usman ma ya gane, don da muka fito ya dafa kafaɗata yana dariya, ya ce ashe gyaran mukayyif bai daskarar min da ƙwaƙwalwa ba.

Wannan shekara ban taɓa ganin irinta ba. Kowace Juma'a motoci sun cika da samari da tulunan shayi, yau muna hanyar Jidda, wani mako baƙi a gidanmu. Mata suna dafa shinkafa da tukunyar biki, tsofaffin da suka daina zuwa kallo suka dawo da kujerunsu. Yara suna zagin juna da Larabci a fili, suna cin abinci kwano ɗaya bayan an tashi, kuma na ji da kunnena wani ɗan Madina yana koyon cewa "sannu da ƙoƙari". Wanku Faisal, wanda a lokacin yana shekara ta biyu a kwaleji, shi ke tsaron ragarmu, kuma tauraronsa na haskawa. Wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo mana a gida da 'yan Jidda. Sun zo da takalma masu ƙyalli, suka zura mana ƙwallo tun ba a je ko'ina ba, magoya bayansu suna buga ganga. Yaya bai ko motsa ba, ya ce wa yaransa su riƙa juya ƙwallo kawai su bar dutse ya yi aikinsa. Aka dawo daga hutun rabin lokaci 'yan Jidda suna neman iskar tekun da suka baro. Muka rama, muka ƙara, muka sake ƙarawa. Na yi ihu ranar har muryata ta dushe, na manta ni shugaban kwamiti ne da ya kamata ya kame.

Abin da ban lissafa ba shi ne 'yan Ɗa'ifa, garin nan mai sanyi da ke can kan dutse. Kocinsu Malam Idi, wani siririn mutum mai sayar da 'ya'yan itace, ba ya ɗaga murya, amma yaransa gudu suke kamar ba su da huhu. Sun gama zagayen farko da maki ɗaya a kanmu, suka kuma fitar da Utaibiyya. Bisa dokar da na rubuta da hannuna, wasan ƙarshe a kan dutsensu za a yi. Ga gasar ta yi tsawo kamar yadda aka faɗa, jarrabawa ta ƙara tura wasan mako uku, har ya faɗa tsakiyar sanyi. A cikin waɗannan makonni ne kuma masu filinmu suka aiko cewa sun sayar da wurin, za a fara gini da zarar wata ya ƙare. Ke nan in ba a buga wasan ƙarshen nan a Tandabawi ba, ba za a sake buga wani ba har abada.

Ranar Juma'ar da za a yi taron kwamiti muna gidan mahaifiyarmu Inna muna cin abincin rana, kamar yadda muka saba. Wakilan Makka huɗu sun riga sun shirya za su nemi a dawo da wasan gida, da hujjar cewa kofi bai taɓa barin Makka ba. Na san baƙi huɗu za su ƙi, kuma in ƙuri'a ta yi kunnen doki ni ne mai raba gardama. Yaya ma ya sani. Bai yi min tsawa ba, da ma ya yi, da abin ya fi min sauƙi. Ya jira har aka ɗauke kwanuka.

"Habibu, ban taɓa roƙonka komai ba," in ji shi. "Baba ne ya share filin nan. Ka bar ni in yi sallama da shi da kofi a hannu."

Na ce masa ai da ni da shi muka yi murnar dokar ranar da aka rubuta ta. Ya ce doka mutane suka yi ta, mutane ke gyara ta. Mahaifiyarku Rabi ta sa baki daga ƙofar kicin, ta ce in tuna a unguwar nan zan ci gaba da zama, ba a Ɗa'ifa ba. Faisal ya sunkuyar da kai yana wasa da wayarsa, ya ƙi kallon kowa. Inna kuwa tana gefe tana jan carbinta. Can ta tambaye ni ko 'yan Jidda da suka zo suka sha zafinmu sun yi ƙorafi. Na ce ba su yi ba. Ta ce to, ta ci gaba da jan carbi, kuma har yau ban san ko goyon bayana ta yi ko tambaya ce kawai.

A wajen taron abin ya tafi yadda na zata, huɗu da huɗu. Malam Idi bai yi doguwar magana ba. Ya ce yaransa sun sauko Makka sau biyu cikin zafi, ɗaya har ya yi amai a bakin fili, ba su ce uffan ba domin an ce musu wanda ya yi ƙoƙari zai ga amfaninsa. Ya ce in an canza yanzu zai zo ya buga, amma bai san me zai faɗa musu ba. Na dubi takardar, na ga sa hannuna a ƙasa. Wallahi zuciyata tana wajen Yaya, ina ganin ƙarafan Baba a idona. Amma na haƙa ramin nan ne don wasu, kuma na kasa samun bakin da zan ce a cike shi don ƙafata ce ta zo kai. Na ce a Ɗa'ifa za a buga. Yaya ya tashi ya ɗauki takalmansa ya fita, bai saka su ba sai a waje.

Daga ranar ya daina yi min magana. Unguwa ma ta juya min baya, mai shagon da nake shan shayi ya fara cewa shayi ya ƙare. Ni kuma don in rage laifina sai na ce bari in taimaka da abin da na sani. Tunda sanyi ake tsoro, na je wajen wani abokina mai babban ɗakin sanyi na ajiyar kayan miya, wanda ni ke gyara masa injin, na roƙe shi aron wurin. Ta bakin Faisal na aika wa Yaya, bai ce e ba bai ce a'a ba, amma yara suka zo. Ku yi tunanin samari goma sha shida suna tsalle-tsalle tsakanin kwalayen tumatir da latas, haƙora na kaɗawa, ina tsaye a ƙofa da agogo ina jin kaina wani babban masani. Kwana biyar muka yi haka. Mata kuma suka shiga nasu shirin, aka zazzage akwatuna aka fito da rigunan sanyin da aka saya don zuwa Madina shekara goma da suka wuce. Inna da kanta ta ce duk wanda bai sa riga uku ba kada ya shiga mota.

Muka hau da motoci tara bayan sallar Juma'a, ana waƙa ana buga bayan kwanuka. Hanya tana murɗewa tana hawa, birai na zaune a bakin titi suna kallonmu, kunnuwa suna toshewa. Ko ni da ake fushi da ni sai da zumuɗin ya kama ni. Filin 'yan Ɗa'ifa a kan wani tudu yake, buɗe ta kowane gefe, ragarsu ta katako ce an ɗaure da igiya, iska na kaɗa ta. Mutanen garin sun shimfiɗa mana tabarmi, sun kawo shayi mai na'ana'a da rumman. Yaranmu suka shiga fili kowa ya kumbura da riguna uku a ƙarƙashin rigar wasa, 'yan Ɗa'ifa da gajeren hannu suna ƙunshe dariya.

Ba a yi minti goma sha biyar ba na gane mun yi shirin banza. Sanyin bai dame su ba, gumi ma suke, suna tuɓe riguna ɗaya bayan ɗaya suna jefo mana a bakin fili, har tarin ya kai gwiwa. Abin da ke kashe su numfashi ne. Iskar kan dutse ba ta cika ƙirji, yaro ya yi gudu kaɗan sai ya dafa gwiwa. Wannan kuwa babu ɗakin sanyin da ke koyar da shi, ni da nake taƙama da sanin iska ban taɓa tunaninsa ba. Duk da haka mu muka fara ci. Wani ɗan Tandabawi mai suna Anas ya sa kai a bugun kusurwa, ƙwallo ta shige, muka ɓarke da ihu, na tsinci kaina na rungume mai shagon da ya hana ni shayi. Yaya yana ta kai da kawowa a bakin layi, ya ja yaransa baya, ya hana su gudun da ba dole ba, yana canza wanda ya gaji tun kafin ya faɗi. Ban taɓa ganin ya yi koci irin na ranar ba. Faisal ya tare ƙwallo uku da ni kaina na riga na ce sun shiga.

Aka dawo daga hutu, sai gajimare ya sauko. Ku da kuka saba ganin gajimare a sama ba za ku gane ba, can yana tahowa ne a ƙasa, ya ratsa fili ya wuce ta cikin mutane. Kafin ka ce me, daga tsakiyar fili ba a hango raga. 'Yan Ɗa'ifa ko a jikinsu, suna kiran sunayen juna suna miƙa ƙwallo inda murya ta fito. Suka rama. Alƙalin wasa ya zo wajena ya tambaya ko a dakata. Na san in aka tsaya Magariba za ta riske mu, a ɗage wasan, kuma wa ya sani, watakila a dawo da shi Makka. Na dubi Yaya, karo na farko cikin makonni da idonmu ya haɗu. Ya girgiza kai, ya juya ga yaransa ya daka tsawa, "Yalla, ku buga!" Saura minti huɗu a tashi wani ɗan Ɗa'ifa ya buga daga nesa, daga cikin farin nan. Faisal ya ce min daga baya bai ga ƙwallon ba sam, ƙarar katako kawai ya ji a bayansa.

An ci mu biyu da ɗaya. Ni na miƙa wa Malam Idi kofin da hannuna, don aikina ne. Da muka sauko babu waƙa, Yaya ya shiga wata motar. Na ji zafin rashin nan ƙwarai, amma abin da ya fi ci min rai shi ne kujerarsa da ta zama babu kowa a gidan Inna ranar Juma'a, don ya koma zuwa ranar Asabar saboda kada mu haɗu. Mutumin da ya goya ni, ya koya min tuƙi, ya tsaya min a aurena, sai ga shi muna wuce juna a ƙofar masallaci.

Ana gobe za a kawo motocin gini, da hantsi ina shago, sai na ga inuwa a ƙofa. Yaya ne, da injin yankan ƙarfe a hannu. Bai yi sallama mai tsawo ba.

"Kawo motarka," ya ce.

Muka je fili mu biyu. Ya yanke ƙarafan daga gindi a hankali, yana kauce wa inda Baba ya yi walda. Ya ce in kama can ƙarshen, na kama, muka ɗora su a mota. Na ɗauka gidansa za mu kai, sai ya ce in bi hanyar Ɗa'ifa. Muka yi ta hawa, ƙarafa na ƙara a baya. Sai da muka wuce wajen birai ya buɗe baki, yana kallon taga.

"Ragar katako ba ta dace da masu riƙe da kofi ba," in ji shi. Sannan ya ƙara, "Kuma in muka sake hawowa, mu tarar da wani abu da ya san mu."

Bai taɓa ce min na yi daidai ba, har Allah ya karɓi ransa, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Amma Juma'ar da ta biyo ya zo gidan Inna, ya zauna a kujerarsa, ya ce in miƙo masa yaji. Gasar kuwa tana nan, dokar ma tana nan, kuma biyu daga cikinku a Ɗa'ifa kuka yi aure, gidajen da ba mu san da su ba kafin wannan shekara.

Inda filinmu yake yanzu bene ne mai hawa da yawa, ba za ku gane wurin ba. In kuna son ganin abin da ya rage, ku hau Ɗa'ifa ku nemi filin kan tudu. Ku shafa kusurwar ƙarfen ragar, za ku ji ɗan tudun waldar kakanku. Da ni da yayana muka kafa shi a wurin, shi yana riƙe, ni ina zuba siminti.